Neman shawara: jini ya sake daskarewa a ƙafar mahaifina bayan tiyata

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitoci, musamman masu aikin jijiyoyin jini, su taimaka mini da haske.

An kwantar da mahaifina saboda cutar korona, yana kan iskar oksijin, sai a dare na tara ya farka yana kukan ciwon ƙafar hagu. Da na taɓa ta, na ji ta yi sanyi ƙalau kamar randa, faratan sun yi fari, kuma likita ya laluba bayan idon sawu bai ji bugun jini ba. Hoton Doppler, wato hoton duba gudanar jini a cikin jijiya, ya nuna gudan jini ya toshe jijiyar bayan gwiwa, aka fara masa heparin, maganin hana jini daskarewa, aka cire gudan da tiyata, ƙafar ta yi ɗumi. Bayan kwana biyu ta sake toshewa, alhali bai daina karɓar maganin ba, kuma wannan ne ya ɗaure mini kai.

An ce korona tana kumbura bangon jijiya, jini ya riƙa saurin daskarewa. To, shin heparin ɗin ne bai kama shi ba, ko kuwa shi ne ya rage ƙwayoyin daskarar da jini har ya haddasa sabon gudan? Wane gwaji zan nemi a yi kafin mu amince da yanke ƙafar, tunda har yanzu yana motsa yatsunsa?