Farashina ne mafi ƙasa, amma aka ajiye takarduna gefe

Mai Ƙera Kujeru:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani na ƙera kujeru da tebura, shekara 7 muna yi wa makarantu masu zaman kansu aiki. Bana na ce bari in gwada neman kwangilar gwamnati, ta kujerun ɗalibai 600. Mako biyu na yi ina cike takardun, na kai kafin a rufe. Ranar buɗewa ina zaune a wurin aka karanto farashin kamfanoni 9, nawa ne mafi ƙasa. Har na fara cinikin katako. Bayan wata ɗaya sai ga wasiƙa, wai tayina bai cika sharuɗɗa ba domin wa'adin takardar lamunin banki da na haɗa, wato alkawarin banki na biyan ma'aikatar gwamnatin kuɗi in na janye daga tayina, ya gaza. An ce tayi ya tsaya kwana 90, ni kuma na sa banki ya rubuta kwana 90 cif. To ina laifina? Abin ya ci mini rai, mutum 12 ne ke cin abinci a wannan aikin. Ko dama an riga an san wanda za a ba?

Dattijo Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina zama a kwamitin tantancewa kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan na gan shi ba adadi. Koma ka karanta sakin da ya yi magana kan lamunin. A takardun da Bankin Duniya ya tsara, waɗanda gwamnatoci da yawa suka kwaikwaya, ana so lamunin ya zarce wa'adin tayi da kwana 28. In haka naka ya ce, kwana 118 ya kamata banki ya rubuta. Dalilin kuwa, idan aka zaɓe ka a ranakun ƙarshe ka ƙi sa hannu a yarjejeniya, ma'aikatar na buƙatar lokacin da za ta je banki ta karɓi kuɗin.

Abin da sababbi ba su sani ba, farashin da aka karanto ranar buɗewa ba hukunci ba ne. Kwamiti yana farawa da tankaɗe: akwai rajistar kamfani? Shaidar biyan haraji tana aiki ko ta ƙare? Wanda ya sa hannu yana da takardar izinin yin haka? Lamuni ya cika? A nan amsa biyu ce kawai, e ko a'a. Wanda ya tsallake ake duba ko kayansa sun dace da abin da aka nema, kaurin katako, irin ƙarfe, ranar kawowa. Sai can daga ƙarshe a kalli kuɗi. Naka bai ma kai inda za a gwada shi da na sauran ba. Kuma ko mun tausaya, ba mu da ikon kiranka ka gyara lamuni bayan an buɗe, domin an shiga haƙƙin waɗanda suka kawo nasu daidai.

Mai Ƙera Kujeru:
Baba, na gode. Na duba yanzu, yana nan a shafi na 14, kwana 28 ɗin. Na karanta wurin, amma hankalina duk yana kan lissafin farashi.

Hajiya Mai Kwangila:
Ƙanena, ka yi haƙuri, ni ma ta nan na biyo. Tawa ta farko gyara aka fitar bayan na sayi takardu, aka canja adadin kaya, ban koma na duba ba, na cike tsohon jadawali. Tun daga ranar ba na taɓa lissafi sai na zauna da biro na ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ce "dole", na kwashe su a takarda ɗaya. Banki nake fara zuwa, don shi ne mai cin lokaci. Abin da ban gane ba kuma a rubuce nake tambaya, kafin ranar rufe tambayoyi. Maganar baka ta wani ma'aikaci ba ta kare ka.

Ka kula da lissafi ma. Yawanci idan farashin guda ɗaya da jimla suka saɓa, da farashin guda ake aiki, in kuma lamba da rubutun kalmomi suka saɓa, kalmomi ake ɗauka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kai ne mafi ƙasa cikin 9. Ka sa kuɗin jigila? Harajin da za a cire tun kafin kuɗin su iso ka fa? Idan ka ci, za a nemi lamunin cika aiki, sau da yawa har kashi 10 cikin 100, kuma ko kuɗin kafin alƙalami ma sai da lamunin banki ake bayarwa. Biya kuma yakan yi jinkiri, katako ba ya jiran kowa. Na san waɗanda cin kwangila ne ya durƙusar da su.

Ɗan Gini:
Gaskiya son kai yana faruwa, kada mu ruɗi kanmu. Amma a naka, Malam, kai ka miƙa musu hujja da hannunka. Ka rubuta ka nemi su yi maka bayanin duk inda ka gaza, wataƙila ba lamunin kaɗai ba ne.

Mai Ƙera Kujeru:
Hajiya, jigila na sa, harajin da ake cirewa ne ban lissafa ba, kuma da na ci da ribar ta tafi a nan. Gobe in sha Allah zan kai wasiƙar neman bayanin, in karɓo lamunina. Akwai wata talla ta teburan ofis da za a rufe nan da mako 5, sun nemi shaidar ayyuka uku makamanta. Baba, takardun kammala aiki da makarantu masu zaman kansu suka ba ni za su shiga, ko sai na gwamnati?