Gonar tudu amma ruwa na kwanciya kamar fadama, masu noman jangargari ku zo mu ji

Ɗan Gumel a Giwa:
Assalamu alaikum manoma. Abin nan ya ɗaure min kai shi ya sa na kawo shi gabanku. Ni asalina ɗan Gumel ne, jigawa muka taso muna nomawa, ƙasar da ko ruwan dare aka tafka da safe za ka shiga ka yi aikinka takalminka ƙalau. Aiki ya kawo ni Zariya, bara na karɓi hayar gona kadada biyu a wajen Giwa, tudu ce sosai don daga cikinta kana hango rafi can ƙasa. Samanta kamar tsawon ɗanyatsa ƙasa ce mai laushi fara-fara, da ka ƙara nitsa fartanya sai ja zur. An yi ruwa mai ƙarfi ƙarshen watan Mayu, washegari na kawo tarakta aka yi haro, wallahi ƙasar nan ta dunƙule manya-manya, da rana ta buge su suka koma kamar tubali. Na shuka masara aka ƙara ruwa ɗaya sai kwana takwas shiru, saman ya yi ɓawo, rabin irin bai fito ba, in ka tona ka ga tsiron ya lanƙwashe a ƙarƙashi ya kasa fasowa. Watan Agusta kuma ruwa ya kwanta a kwarin kunya masara ta yi ɗorawa duk da takin da na zuba. Mai gonar ya ce jangargari ce, wani ya ce laka ce, wani ya ce ai laka sai fadama. Don Allah duk wanda ya taɓa noma irin wannan ƙasar ya faɗi yadda suka kwashe, ina so in san me nake riƙe da shi kafin damina ta sake faɗuwa.

Baba Mai Shanu, Funtuwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Mai gona gaskiya ya faɗa maka, jangargari ce, kuma wanda ya ce laka shi ma bai yi ƙarya ba, lakar tana ƙarƙashi ne. Mu yadda muka taras iyayenmu na rabawa, akwai jigawa taku mai rairayi, akwai jangargari ita ce jar nan mai danƙo ta kan tudu, akwai baƙar laka ta fadama da kwari, akwai marmara da tsakuwa inda garma ke ƙara kamar ana wasa wuƙa, sai fako inda saman ya tafi ya bar ƙashi. A gona ɗaya ma za ka iya samun uku daga ciki, tawa ta gado haka take, kanta tsakuwa, tsakiya jangargari, gindi laka.

Kuskurenka ɗaya ne, ka shiga da wuri. Ita wannan ƙasar ba ta da tsakiya mai tsawo, yau ta yi caɓi, jibi ta yi daidai, gata ta bushe ta gagari shanu. Ni shekara fiye da arba'in ina huɗa da shanu, abin da nake yi bayan ruwa shi ne in debi ƙasa daga zurfin tafin hannu in dunƙula in jefar. In ta watse sai in ɗaura wa shanu garma. In ta faɗi dunƙule kamar fura na koma gida ko da maƙwabta sun fara. Na taɓa yin gaggawa shekarar da damina ta makara, na yi huɗa ƙasa na kama bakin garma tana sheƙi, audugar shekarar nan ko gwiwa ba ta kai ba a ɓangaren, sai da na yi shekara biyu ina zuba takin turke kafin wurin ya saki. Amma kar ka raina ta ɗana, in an yi fashin ruwa na sati biyu dawar jigawa ta fara naɗe ganye, ta jangargari tana nan kore shar.

Mai Tarakta, Hunƙuyi:
Baba ya gama magana. Ni direba ne kuma laifin har da namu, layi ya yi yawa kowa na kiran waya, in ka ce wa mai gona a bari sai jibi sai ya ce zai kira wani. Kuma haron nan duk shekara zurfi ɗaya yake yanka, ƙarƙashinsa taya na dannewa, na sha tona gonakin da na yi shekaru ina yi musu aiki in tarar da wani faifai mai tauri kamar daɓe, saiwar masara in ta kai nan sai ta kwanta gefe. Malam ɗan Gumel ka duba wannan ma.

Hajiyar Ƙuli, Soba:
Ni ta gyaɗa zan ba ku. Sana'ata mai da ƙuli, sai na ce me zai hana in noma gyaɗata da kaina in huta da sayen ta kasuwa, maigida ya yanka min wani yanki a gonarsa ta tudu irin wannan jar ƙasar. Ganye kam ba a magana, kowa ya wuce sai ya ce Hajiya bana kin yi gyaɗa. Matsalar sai lokacin cira, rasuwa ta same mu muka yi sati biyu a Kano, kafin mu dawo ruwa ya ɗauke ƙasa ta ƙame, yara na jan ganye yana tsinkewa 'ya'yan na zaune a ƙasa, sai da muka koma tono da fartanya gindi bayan gindi, kuɗin 'yan aiki ya cinye ribar, kuma har damina ta zagayo gyaɗar da ta maƙale tana tsirowa a gonar. Na yi kuka ranar nan wallahi. Dankali ma na gwada bai yi girma ba duk ya fito a murɗe. Yanzu waken suya nake sawa a wurin, shi abinsa a sama yake, kuma shekarar da maigida ya bi bayansa da masara ya ga bambanci. In dai dole sai ka yi gyaɗa ɗan'uwa to ka ɗaga kunya sosai kuma ka cire tun da sauran laima.

Ɗalibin Samaru:
Baba da Hajiya sannunku, ku kun yi a aikace mu a takarda da rami muka gani, bari in ɗan ƙara. Ni ilimin ƙasar noma nake karanta a Samaru, kuma ƙasar yankin nan na daga cikin waɗanda aka fi bincika a arewa tunda tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, kafin ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ranar da aka fara sa mu haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi muka shiga ciki muna murza ƙasa hawa-hawa, ranar na gane abin da Yaya ɗan Gumel ke tambaya.

Laka a wajenmu girman ƙwaya ne, ba wuri ba. Duk ƙwayar da ba ta kai milimita 0.002 ba laka ce, rairayi kuma daga 0.05 zuwa 2, na tsakiyarsu shi ne lallausan garin nan irin ƙurar hunturu. Sai laka ta kai kashi 40 cikin ɗari ake kiran ƙasa laka zalla. To a tudun Zariya da Giwa da Funtuwa, shekaru aru-aru ruwan sama na wanke ƙananan ƙwayoyin daga sama yana tara su a ƙasa, shi ya sa sama ke da sauƙi ƙasa ke da danƙo. Ruwa zai ratsa saman da sauri, ya iso lakar ya rage gudu, a watan Agusta da ake yi ba ƙaƙƙautawa sai ya taru, saiwa ta rasa iska, takin yuriya kuma ya lalace a banza, ga ɗorawar masararka nan Yaya. Ɓawon kuma daga lallausan garin saman ne, ɗigon ruwa ya farfasa shi rana ta gasa, musamman inda ba ruɓaɓɓen ganye ko taki. Jan launin tsatsar ƙarfe ce, kuma ita ke riƙe sinadarin fosfaras ta hana shuka, shi ya sa takin supa ke da muhimmanci a nan kuma gara a sa shi kusa da gindi maimakon watsawa.

Wajen suna, tsarin Amurka ya raba ire-iren ƙasar noma ta duniya gida 12, yawancin tudunmu na faɗawa gidan Alfisol. In ruwa ya fi wanke ta har sinadaran kalsiyam da danginsa suka yi ƙasa da kashi 35 na abin da za ta iya riƙewa, sai ta koma Altisol, wadda ta fi tsami, an fi ganinta in ka nausa kudu. Abin da ya fi ba ni sha'awa, lakar da ke cikin jangargari yawanci kawolin ce, ba ta kumbura sosai ba ta tsagewa sosai, amma kuma ba ta iya riƙe taki da yawa, don haka takin gida ba kwalliya ba ne a wurinta, shi ne rumbunta. In kana so ka gani da idonka Yaya, zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba ka cika da ruwa da ɗan garin sabulu ka girgiza sosai, rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, garin cikin awa biyu, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Ka yi kwalba biyu, ta sama da ta zurfin kamu biyu.

Na Kano:
To me zai hana ya sayo yashi tifa biyu uku ya zuba ya gauraya? Ni a lambun gidana haka na yi kuma ya yi.

Baba Mai Shanu, Funtuwa:
Malam na Kano lambun gida daban kadada biyu daban. Tifa uku a gonarsa kamar gishiri ne a kogi, kuma yashi kaɗan cikin jar ƙasa ai shi magina ke nema. Kuɗin ya kai su wajen takin shanu da kashin kaji, ya daina ƙone karan, in da hali ya sa Fulani su kwana masa a gona da rani.

Bagombe:
Ku bari in shigo da tamu don kar a haɗa. Mu a hanyar Gombe zuwa Numan akwai laka baƙa wuluk kuma ba fadama ba ce, fili ne shimfiɗe, da rani tana tsattsagewa har hannu na shiga tsagar, ɗan akuyata ya taɓa karya ƙafa a ciki. Da ruwa ya sauka ta kumbura ta rufe, babur ba ya motsi, takalmi ya yi nauyi kamar ka ɗaura dutse. Ɗakin da na gina a gefen gonar da bulo na siminti shekara uku ya tsage daga tushe har sama. Amma auduga da dawa suna sonta ba kaɗan ba. Irinta ce firgin Borno ta wajen Dikwa da Ngala inda ake dasa masakwa bayan damina ta wuce ta nuna da laimar ƙasa kawai. Ɗalibi wannan ita ma Alfisol ɗin ce?

Ɗalibin Samaru:
A'a Yaya, taku Batisol ce, gidanta daban. Lakarta irin mai shan ruwa ta kumbura ce, kuma ta fi jangargari riƙe taki nesa ba kusa ba. Hanya mafi sauƙi ta rabewa, ka je gonar a watan Maris, in tsaga ta buɗe hannu na shiga to irin taku ce, in tauri kawai ta yi da 'yan siraran tsaga to jangargari ce.

Ɗan Tawa, Nijar:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan abin da Baba ya kira fako, hako muka ce mai, kuma ina roƙon ɗan Gumel shi tsare saman gonarshi don mu mun ga ƙarshen abin. Gonar mahaihina ta kan tudu wajen Illela ruwa da iska sunka kwashe samanta sai jar ƙasa mai tauri ta rage, ruwa na zuba shi gudu ko ciyawa ba ta hita. Da tassa munka maido ta, dabarar da mutanenmu sunka gano a Yatenga ta Burkina Faso ƙarshen shekarun 1980, rami ne kamar kamu guda, ka tara ƙasar ta gehen gangare, ka zuba taki cikin hannu biyu, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan hwari na sauka ka shibka hatsi ciki. Aikin rani ne mai wuya, hannuna duk kanta, amma shekara ta ukku mun cika rumbu daga wurin da anka yanke ƙauna. Sai dai kar ka yi tassa a Giwa, mu ruwanmu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, ku kuna samun wajen 1000, ramin zai zame ma masara kabari. Kai hanyar hitar ruwa kaka bukata, amma a hankali, kar kunya ta kalli gangare kai tsaye ta jawo maka zaizaya.

Ɗan Gumel a Giwa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Allah ya ƙara lafiya. Jiya Asabar na je da diga da shebur na haƙa wuri uku. A sama kusa da hanya kamu ɗaya da rabi na ci karo da marmara, dama nan masarar ta fi lalacewa, dawa zan sa a wurin. A tsakiya na samu faifan da mai tarakta ya faɗa, ƙasa da kamu ɗaya, diga sai da ta yi tsalle, ƙarƙashinsa jar laka da na jiƙa na murza ta yi igiya mai tsawon yatsa ba ta karye ba. A gindin gonar kuma lakar ba ja zalla ba ce, akwai ɗige-ɗige ruwan toka da rawaya a jiki, daidai inda ruwa ya fi daɗewa bara. Kwalabe biyu na nan a kan taga, ta saman ta washe tun dare, ta ƙasan har yanzu jajir take. Na yi magana da wani mai shanu a ƙauyen zai min huɗa bana, na kuma kama buhu talatin na kashin kaji. Ɗalibi, ɗige-ɗigen nan na gindin gona, waken suya zai jure wurin ko in bar shi wa shinkafar tudu?