Musayar Waƙa: Yaran Titi da Masu Bene a Kaduna

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum jama'a. Amsa-amon yau "na" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan buɗe batuna,
Kan yaran da ke gararamba a Kaduna.
Ƙarƙashin gadar Kawo wasu ke kwana,
Robar bara a hannu, kai a rana.
Ga 'yar talla, tara ta cika bana,
Ba ta san aji ba, ta san duk shaguna.

Alhaji Na-Malali:
Ɗan Rigasa sannu, na ji magana,
Arziki rabo ne, sai dai dangana.
Laifin na uban da ya ƙi riƙon amana,
Mai bene bai ci na kowa ba, da guminsa ya gina.

Malama 'Yar Tudun Wada:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in nuna,
Ratar nan da alƙalami aka zana.
A 1917 hedkwatar Arewa ta baro Zungeru, nan ta zauna,
Gwamna Lugga ne ya zaɓi Kaduna.
Turawa a unguwarsu ta GRA, inuwa da lambuna,
Aka bar fili tsakani, wai sauronmu na da ƙuna.
Leburori can gefe, cunkushe a ɗakuna.
Bature ya tafi a 1960, gidan ya sauya suna,
Manyanmu suka shige, katanga na nan har bana.

Baba Na-Kakuri:
'Yata, kin kawo rabi, sauran na wurina,
Akwai zamanin da talaka ya samu abin tauna.
A 1957 masaƙar KTL ta fara saƙa a gaban idona,
Masaƙun UNTL da Arewa suka biyo, aiki dare da rana.
In jiniya ta kaɗa, kekuna sun cika tituna,
Mai koko ta sayar, mai gidan haya ya gina.
UPE, firamare kyauta, ta zo a 1976, ɗan lebura ya iya rubuta suna.
Sai SAP, shirin tsuke bakin aljihu, a 1986, naira ta sha ƙuna,
Lantarki ya yi ƙaranci, inji ya koma kwana,
Atamfar fasa-ƙwauri ta mamaye rumfuna.
KTL ta tsaya a 2002, mu duka shaiduna,
UNTL a 2007, Kakuri unguwar masaƙu ta zama kufai a ganina.
'Yan jari-bolar nan masu jan buhuna,
Da yawa jikokin masaƙa ne, na san su da suna.

Alhaji Na-Malali:
Baba, ban musa ba. Amma kun taru a kaina kamar ni na rufe masaƙun.

Zakka nake fitarwa duk shekara daga jarina,
Da azumi buhun gero na fita ƙofar gidana.

Ɗan Rigasa:
Allah ya karɓa, Alhaji, amma ka auna,
Tun cire tallafin mai a 2023 tukunya ke kwana,
Geron azumi ba ya kai mu ƙarshen watan Shawwal, balle baɗi da bana.

(Baitin ƙarshe ya yi tsawo, yunwa ce ta ja shi.)

Malama 'Yar Tudun Wada:
In rabo ne kawai, Alhaji, mu tuna,
Balarabe Musa ya hau gwamna a 1979 a Kaduna,
Ya soke haraji da jangali, talaka ya dara a gona,
A 1981 majalisa ta tsige shi da rana.
Hannun mutum ke ɗaurewa, shi ke kwance igiyar wuyana.
Yaron da ke wanke maka mota, ka san shi da suna?
Wace makaranta yake, kuma nawa kake ba shi a rana?