Ƙungiyar masu harkar iskar gas: me za ta tsinana wa masana'antun Kano kafin bututun AKK ya iso?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda ke cikin harkar. Kullum ana jin Nigerian Gas Association, wato NGA, tana taro a Legas da Abuja, ga kuma maganar bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wato AKK, da ake ta cewa ya kusa. Masu matsakaitan masana'antu a Sharaɗa, Challawa da Bompai, waɗanda dizal ke cinye wa riba, shiga wannan ƙungiya zai amfane su ko tasu ya kamata su kafa? Kuma me za su nema takamaimai?

Injiniya Kakuri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da sanin abin da NGA take. An kafa ta a 1999, ita ke wakiltar Najeriya a ƙungiyar gas ta duniya, IGU. Ba ta sayar da gas, ba ta ba da lasisi, ba ta sa farashi. Tun da aka sa hannu kan dokar man fetur ta PIA a 2021, lasisin jigila da rarrabawa da ƙayyade farashin cikin gida duk suna hannun hukumar NMDPRA, haƙo kuma yana hannun NUPRC. Aikin ƙungiya shi ne ta zauna da waɗannan hukumomi da kwamitocin majalisa tun takarda tana daftari, ta ce ga inda za a cuci mambobinta.

To a nan gizo ke saƙa. Masu ƙarfin murya a cikinta su ne masu haƙo gas da masu bututu, kuma damuwarsu biyu ce: farashi ya biya kuɗin haƙowa, sannan a biya su bashin da kamfanonin samar da lantarki suka tara, wanda a 2024 ya haura dala biliyan ɗaya. Ku kuwa masu saye ne, farashi mai sauƙi kuke so. A 2024 NMDPRA ta sa farashin tushe dala 2.42 kan kowace MMBtu (ma'aunin ƙarfin zafi da ake sayar da gas da shi) ga tashoshin lantarki, dala 2.92 ga 'yan kasuwa. A 2025 ta sauko da shi zuwa 2.13 da 2.63. Wannan kuɗin gas ne zalla, ban da kuɗin jigila da ladan mai rarrabawa. Yaƙinku yana kan waɗannan biyun na ƙarshe, domin Kano ce ƙarshen layi mai tsawon kilomita 614. In aka lissafa kuɗin jigila da nisan tafiya, masana'antar Ikeja ko Ota za ta riƙa shan gas da araha fiye da taku har abada. Ku shiga NGA don ku ji abin da ake ƙullawa, amma kada ku zaci za ta yi muku wannan faɗa.

Mai Awo:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙari a kai: isowar babban bututu ba ita ce isowar gas ƙofar masana'anta ba. Bututun inci 40 ne, gas ɗin cikinsa na da matsi na gomomin bar (bar shi ne ma'aunin matsin iska), janareto kuwa 'yan bar kaɗan yake buƙata. Sai an gina tashar rage matsi da awo, sannan mai lasisin rarrabawa ya shimfiɗa ƙananan bututu zuwa Challawa da Bompai. Ba wanda zai zuba wannan kuɗi sai ya ga alƙawarin saye a rubuce.

Don haka aikin farko na ƙungiyarku shi ne tattara lissafi. Kowace masana'anta ta kawo litar dizal da take sha a wata da awannin da injinta ke aiki. Lita ɗaya ta dizal kusan daidai take da mita kubik ɗaya ta gas a ƙarfin zafi, MMBtu ɗaya kuma wajen mita kubik 28 ce. Janareton gas mai megawat ɗaya yana shan tsakanin mita kubik 250 zuwa 280 a awa in yana cikakken aiki. Masana'anta ɗaya da wannan adadi ba ta isa a ja mata layi ba, amma talatin a unguwa ɗaya sun isa.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne sharaɗin "ka ɗauka ko ka biya". Kwangila kan ce za ka biya kuɗin wajen kashi 80 na abin da ka yi alƙawarin ɗauka, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Mai casar shinkafa ko matsar gyaɗa, da aikinsa ke bin kaka, in ya sa hannu kan adadin lokacin da aiki ya fi yawa, zai biya kuɗin gas ɗin da bai ƙona ba a watannin da kaya suka yanke. Ku nemi a lissafa adadin a shekara, ba a wata ba, a kuma ba ku damar ɗaukar abin da kuka biya daga baya. Kuma ku dage a saka diyya idan mai kawowa ya gaza, don a yawancin daftarin farko hukunci a kan mai saye kaɗai yake.

Hajiya Mai Tukwane:
Alhaji, shawarata kada ku ɓata lokaci wajen kafa sabuwar ƙungiya daga tushe. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, tana da rassa a Kano, ga kuma cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA. Ku buɗe kwamitin masu amfani da gas a ƙarƙashinsu. Wasiƙarsu ta fi saurin samun amsa. In daga baya kuna son sa hannu kan kwangila ɗaya a madadin kowa, kamfani za ku yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, don mai sayarwa zai nemi garantin banki.

Kafin bututu kuma akwai gas na tirela, CNG (gas da aka matse) ko LNG (gas da aka mayar ruwa). CNG na zuwa da matsin bar 200 zuwa 250, kuma idan aka sauke matsin gas yana yin sanyi ƙwarai. Ba tare da na'urar ɗumama shi ba, na'urar rage matsin kan yi ƙanƙara, inji ya mutu ana tsakiyar aiki. Don Allah kuma ku hana mambobinku amfani da tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda. Fashewar da aka yi a gidan sayar da CNG a birnin Benin na jihar Edo a Oktoban 2024 daga irin wannan tukunya ta jabu ta fito.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsofaffin janaretocin dizal fa, zubar da su za a yi?

Mai Awo:
A'a. Ana iya mayar da su masu cin biyu: gas ya maye gurbin kashi 50 zuwa 70, dizal ya ci gaba da kunna wutar. In aka matsa fiye da haka inji kan fara ƙwanƙwasa, fistin ya ƙone, musamman a zafin Afrilu na Kano. A saka na'urar gane ƙwanƙwasa da ma'aunin zafin salansa, a kuma bar tankin dizal a cike, don ranar da tirela ta maƙale a hanyar Lokoja da shi za a ci gaba da aiki.