Altaneta: wane suna za mu raɗa mata?

Makon jiya na sa hoton tsohuwar Fijo 404 ta marigayi mahaifinmu, na ce mun cire mata dainamo mun ɗaura altaneta, wato na'urar da inji ke juyawa tana cajin batir. Sai ƙanwata ta rubuto daga Gombe: "Yaya, mene ne altaneta da Hausa?" Na yi ta juya tambayar, amsa ta ƙi zuwa. Shi ya sa na kawo maganar gabanku, ga kuma inda muka kwana.

Bari in fara da abin da ya sa muka taɓa motar. Ƙirar shekarun 1960 ce, ta girmi kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Injinta na asali mai lita 1.6 ya gaji, yana shan baƙin mai kamar shayi, sai muka sa mata na 504 mai lita 2. Wannan bai ba mu wahala sosai ba. Wuta ce matsalar. In dare ya yi ka shiga cunkoson Wunti a Bauchi, inji na sulo, sai ka ga fitila ta koma kamar aci-balbal. Ranar da ta mutu mini a hanyar Dass bayan isha'i, yara uku suka tura ni.

Dattijon da ke mana aikin waya ya kwance dainamon a kan buhu. Burushin gawayin nan biyu sun cinye, saura kamar guntun alli, tagullar da suke gogawa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Ɗana, ko sabo ne, dainamo ba ya ba batir komai sai ka taka mota. Rago ne in inji na sulo." Da aka ɗaura altaneta ya sa mita a kan batir, allo ya nuna volt 14.2, alamar caji na shiga, ba a ko taɓa totur ba. Ya kuma canza wayar da ke zuwa batir da mai kauri, don ta dā siririya ce, za ta yi zafi.

To, suna. Mutum na farko ya ce "janareta". Ban karɓa ba. Ka ce wa yaron shago a kasuwar Muda Lawal ya kawo janareta, wanda ake ja da igiya zai kinkimo maka. "Na'urar caji" kuma ta yi faɗi, cajar waya ma na'urar caji ce.

Wani malamin makaranta ya kawo "majuyin wuta", kuma ya yi bayani mai kyau. Ya ce wutar da altaneta ke haifarwa kai-komo take yi, irin ta gida, sai wasu 'yan ƙofofi da ake kira dayod, yawanci shida, su miƙar da ita ta bi hanya ɗaya kafin batir ya karɓa. Sunan Turancin ma daga wannan kai-komon ya fito. Gaskiya ne, Malam, amma inbata ma juya wuta take yi, kuma yanzu da sola ta cika gari, can hankalin mutane zai tafi. Ban da haka, direba bai taɓa ganin kai-komon nan ba, a ciki yake ƙarewa. Abin da ya sani shi ne batir na cika ko ba ya cika.

Sunan da ya kwanta mini ba a nan aka kawo shi ba, a gareji na tsinto shi. Ina zaune kan benci dattijon ya daka wa yaronsa tsawa: "Kai, ɗaure fambel ɗin nan da kyau, in ya yi sako-sako uwar caji ba za ta juya ba!" Na ce, "Baba, me ka kira ta?" Ya dube ni kamar na tambayi sunan ruwa. "Uwar caji mana. Ba ita ke shayar da batir ba?"

Uwar caji. Muna da uwar kuɗi, wadda riba ke fitowa daga jikinta, muna da uwar garke. Kunne ba zai yi baƙunta da ita ba, kuma gajeriya ce, za a iya kwala ta daga ƙarƙashin mota.

An yi suka, kuma ta burge ni. Wani ya ce wace irin uwa ce wadda sai ɗanta ya tashe ta? Ya san aikin: altaneta ba ta fara bayarwa sai batir ya ɗan ba ta wuta tukuna, a irin waɗannan motoci ta jar fitilar nan ta gaban direba take bi. Shi ya sa in batir ya mutu murus, turi ba ya amfani, alhali dainamo da ɗan maganaɗisun da ya rage a jikinsa yake tayar da kansa. Na ce masa ai jariri ma sai ya yi kuka ake ba shi nono.

Suka ta biyu ta fi nauyi: dainamo ma uwar caji ne. Haka ne, kuma a nan na sassauta. Bari "uwar caji" ta zama sunan aikin, ko wanne ke yin sa. In ana son bambancewa, dainamo ya riƙe sunansa, ai tun zamanin keke mai fitila ya zama ɗan gida, wanda ke goga taya yana kuka. Altaneta kuma, wurin sayen kayan gyara, a faɗe ta yadda take, kada mu sa wani ya yi asarar kuɗin mota saboda kishin harshe.

Na mayar wa ƙanwata da amsa, ta ce ta gane nan take. Sai ta ƙara da wata: wannan ɗan akwatin da muka cire tare da dainamon, wanda makanikai ke cewa katawut, mai hana caji wuce kima da hana wutar batir komawa baya in an kashe mota, shi fa? Baba "mai gadi" yake ce masa. Ni ban gamsu ba tukuna. Masu aikin waya na Gombe, ku yaya kuke kiransa?