Shawarwarin da aka tattara kan maganin gargajiyar Sin

A zaman da muka yi kan maganin gargajiyar ƙasar Sin, daidaito aka fi jaddadawa. Masu wannan hanya suna ganin lafiya ta dogara ga daidaituwar yin da yang, wato ɓangaren sanyi da na zafi a jiki. Shi ya sa likitansu zai ɗora yatsu uku a wuyan hannunka ya ji bugun jini, ya ce fito da harshenka, ya tambayi barcinka da cin abincinka kafin ya haɗa magani. Wannan haƙurin sauraron mara lafiya ya burge ni ƙwarai.

An ba da shawarar cin abinci mai ɗumi, kwanciya da wuri, da motsa jiki. Mai son a tsira masa siraran allurai a jiki, kamar yadda likitocin gargajiyar Sin ke yi don magani, ya tabbatar sababbi ne fil.

An daɗe kan batun ganye. Tu Youyou, wata masaniyar kimiyya a ƙasar Sin, ta ciro artemisinin, sinadarin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, daga wani ganye dangin tazargade, har ta sami kyautar Nobel a 2015, amma jiƙon ganyen ba ya maye gurbin maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti. A Beljiyam kuwa, cikin shekarun 1990, haɗin rage ƙiba mai ɗauke da wani tsiro da ake kira Aristolochia ya lalata ƙodar mata da dama. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya sanar da likitansa kafin ya ƙara wani haɗi.