Shanyar shinkafa a damina: yaya kuke yi?

Maman Abba, Kura:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu turara shinkafa. Shinkafar rani da ake nomawa da ruwan madatsar Tiga tana fitowa ne wajen Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Shanshera ta wadata, kowa na son saye, amma rana ba tabbas. Makon jiya na sauke ganga na baza a tamfol, kafin azahar ruwa ya sauko. Muka kwashe muka tara a zaure, ta yi tsami, launinta ya yi duhu, dillali ya karya min farashi. Ku da kuka daɗe a sana'ar, yaya kuke yi?

Inna Hajiya, Argungu:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya mayar da alheri. Tarawar ce ta ɓata miki ita. Shinkafa mai zafi da danshi in aka tsiba ta wuri ɗaya, kafin gari ya waye ta ɗau wari. Ko ɗakin kwananki ne, ki share ki baza ta ba kauri, ki buɗe taga, a riƙa juyawa har cikin dare. Ni da damina rabin ganga nake ɗorawa, kuma ba na hura wuta sai na duba gabas da asuba.

Maman Zahra, Lafiya:
Yaya Maman Abba, ki duba gangar ma. Da can cikin ruwa muke dafa ta, ta ƙasa ta caɓe, ta sama ba ta ji ba, ta fito jagab. Da hukumar JICA ta Japan ta yi aikin gyaran shinkafa a jihohin Nasarawa da Neja, aka koya wa mata sa faifan ƙarfe mai ƙananan huji a cikin ganga, ruwa na ƙasa, shanshera na sama, tururi kaɗai ke ratsa ta, kamar madambaci. Wallahi tun da na koma haka shanyata ta yi sauri, itace ya ragu, shinkafar ta fi haske. Mai walda na unguwa ma zai yi miki.

Anti Larai, Auyo:
Ni abin da ke ci min rai shanyar bakin titi. Na san dalili, kwalta na da zafi kuma tsakar gidajenmu ba fili. Amma can ake kwaso tsakuwa da yashi, ga awaki, ga ƙurar mota, sai a ce shinkafa 'yar gida ce ba ta da kyau. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019 mutanen birni suka zo mana dole. Waɗanda suka ci karo da tsakuwa sun gudu tun da aka sassauta harajin shigo da shinkafa a 2024. Mu a unguwarmu kuɗin adashe muka haɗa aka yi mana daɓen siminti, kowa da ranar shanyarta. Dillalan da suka san shinkafar daɓe ce ba sa ja mana ciniki sosai.

Maman Abba, Kura:
Anti, gaskiya kika faɗa. Daɓen zan kai wa matan layinmu maganarsa. Maman Zahra, ba ta zubewa ta hujin?

Hajiya Ta Gabas, Bunkure:
Kafin ta amsa, in ƙara ɗaya. Ranar da ke fitowa bayan ruwa tana da ƙarfi, sai mace ta ce bari ta rama, ta bar shinkafa tun hantsi har la'asar. Ƙwayar tsagewa take yi a cikin ɓawo, ba ki gani sai an kai injin casa ta fito rabi gutsattsari. Ki ba ta rana har ta sha iska, ki mayar inuwa ta huta, washegari ki ƙarasa. Masu inji na cewa danshi ya tsaya wajen kashi 14 cikin 100. Mu da haƙori muke aunawa: in ta ce ƙas, ta yi.

Maman Zahra, Lafiya:
Ba ta zubewa Yaya, in hujin bai kai girman ƙwaya ba. In mai walda ya buɗa da yawa, shimfiɗa buhun algarara mai tsabta a kai. Ki tabbata ruwan bai taɓo faifan ba, ki rufe saman da wani buhun, da kin ga ɓawon na sama ya fara tsagewa ki sauke.